Bakin Tufa a Tarihin Ɗinki: Daga Sawaye Zuwa Yadi a Ƙasar Dutse

Gabatarwa

Masu nazarin suturar Hausawa sun fi mayar da hankali ga abin da ido ya fi gani, wato aikin ado na gaba da ƙafaɗar riga, irin su aska biyu da aska takwas, da kuma shuɗin baba na marina. David Heathcote ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello a 1979 a kan aikin ado na tufafin Hausawa, Philip Shea kuwa ya yi nasa a 1975 a kan sana'ar rini a ƙasar Kano cikin ƙarni na 19. Dukkansu ayyuka ne masu daraja. Wannan maƙala za ta sunkuya ne ta dubi inda ba a cika dubawa ba, wato bakin tufa, inda ake yin kalmasa da dajiya da shafi. Ra'ayina shi ne, babban sauyin da ya sami sana'ar ɗinki a ƙasar Hausa ya faru ne tun kafin keken ɗinki ya yawaita, lokacin da faɗin tufa ya canza, kuma a bakin tufar ne aka fi ganin sawun wannan sauyi.

Dutse a Ƙarƙashin Sunan Kano

Dutse tsohon gari ne. Littafin Tarihin Kano ya ambaci Sarki Abdullahi Burja (1438 zuwa 1452) a matsayin wanda ya fara auren 'yar Sarkin Dutse. Bayan jihadi ƙasar ta ci gaba da zama cikin masarautar Kano, haka kuma ta kasance a zamanin Turawa bayan 1903, daga baya kuma, a 27 ga Agusta 1991, aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, aka mai da Dutse babban birninta. Ma'anar wannan ga mai nazarin tufa ita ce, duk abin da aka kaɗa, aka saƙa, aka ɗinka a Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, da zarar ya hau jakin bafatake, sunansa kayan Kano. Sa'ad da Barth ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa daga can a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ya ce kuma suna kaiwa har Tarabulus da Tumbutu. Ba birni kaɗai ya samar da wannan dukiya ba. Shea ya nuna cewa garuruwan karkara, irin su Kura, su ne suka ɗauki kaso mai tsoka na aikin. Saboda haka abin da za a faɗa a nan game da ɗinkin ƙasar Kano ta dā ya haɗa da ƙasar Dutse, domin a lokacin abu ɗaya ne.

Tufar da Ta Zo da Bakinta

Masaƙar maza ta Hausawa siririyar tufa take fitarwa. Faɗin sawu ɗaya bai cika wuce inci huɗu ba, na turkuɗi irin na Kura ma bai kai inci guda ba, amma tsawonsa sai yadda aka yi wadari. Abin lura a nan shi ne yadda saƙar take tafiya. Ƙoshiya na ɗauke da zare ta ratsa wadari daga dama zuwa hagu, ta juyo daga hagu zuwa dama, zaren bai yanke ba. Wannan juyowa ita ke ɗaure gefen tufar, ta yadda ko an ja shi ba ya warwarewa. Wato kowane sawu yana fitowa daga hannun masaƙi da gefe biyu gamammu, ba ya bukatar kalmasa sai a kai da gindi, inda aka datse shi.

Daga nan ne fasahar maɗinkin dā ta samo siffarta. Shi mai haɗi ne, ba mai yanka ba. Yakan jera ƙwarya kusa da 'yar'uwarta, gefe da gefe, ya bi su da allura da ƙananan taku, har gommai na ƙwarya su zama jikin riga guda. Girman riga da ƙimarta da yawan ƙwaryarta ake faɗarsu, kuma gwargwadon sirantar ƙwarya gwargwadon yawan ɗinki da tsadar rigar. Idan ana son riga ta buɗe daga ƙasa, kamar gare, sai a sa mata cuna, wato ƙyalle mai tsini sama da faɗi ƙasa. Kusan ba a asarar komai, domin tufar da mace ta yi makonni tana kaɗin zarenta ba abin da za a bar gutsurenta a ƙasa ba ne. Wannan ne ya sa babbar riga take da siffar kusurwa huɗu. Mutane kan ɗauka zaɓin ado ne kawai, alhali masaƙa ce ta tsara haka.

To, ina aikin baki yake a irin wannan riga? Yana wurare kaɗan, amma kowane wuri da sunansa. Akwai kalmasa, wato a lanƙwasa bakin da aka datse sau biyu a danne shi da ɗinki. Asalin kalmar kuwa lanƙwasawa ne, shi ya sa ake cewa mutum ya kalmashe ƙafa. Akwai dajiya, wato a bi bakin da zare don kada ya zare. Gefunan hannun riga su ne leɓatu. Kalmasar ƙugun wando mai faɗi, wadda zariya ke bi ta ciki, ita ce ƙubaka. Sai kuma shafi, wanda a ganina shi ne gwanintar da ta fi kowace a wannan fanni. Ana ɗinka wani ƙyalle dabam ta ciki, a zagaye gindin riga da shi, a rigunan manya sau da yawa jan alharini ne wanda aka ƙetaro Sahara da shi. Shafi yana aiki uku a lokaci guda: yana rufe datsattsun kawunan ƙwarya, yana ba gindin riga nauyi don ta sauka sosai, yana kuma leƙowa idan mai ita ya yi taku ko ya hau doki, a ga ja a ƙarƙashin saƙi ko kore. Ado ne na mai kunya, wanda ba ya nuna kansa sai an motsa.

Masaƙar mata ta tsaye kuwa tufa mai faɗi take bayarwa, irin ta gwado da majanyi. Ita ma gefenta gamamme ne, bakinta kuma sau da yawa ba a kalmashe shi, sai a bar masa geza a ƙulle.

Zuwan Yadi da Almakashi

Tufafin waje sun daɗe suna shigowa ta Sahara, irin su mulufi da karammiski, amma na sarakuna da attajirai ne. Abin da ya sauya al'amari shi ne jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. Turawa sun shimfiɗa dogon ne da burin kwasar auduga zuwa masaƙun Lankasha, sai dai masaƙan gida sun fi su biyan kuɗi mai kyau, manoma kuma suka karkata ga gyaɗa daga 1912. Kuɗin gyaɗar nan ne ya sayi akoko da alawayyo a kantunan kamfanoni. Reshen dogo da ya tashi daga Kano ya bi ta Ringim ya kai Nguru a 1930. Bai bi ta Dutse ba, amma ya kusanto da kanti ga ƙauyukan wannan yanki, 'yan koli suka ƙarasa da kayan zuwa kasuwannin mako. Daga baya masaƙun zamani na gida suka buɗe, daga cikinsu har da na Kaduna a 1957.

Yadi tufa ce mai faɗi, ta ninka sawu sau tara ko fiye. Ba a iya mai da ita riga sai an sa mata almakashi, kuma duk inda almakashi ya bi ya bar ɗanyen baki wanda zai zare idan ba a tare shi ba. Aikin da a dā yake a kai da gindi kawai, yanzu ya bazu ko'ina: wuya, hannu, tsaga, aljihu, har da cikin kowane haɗi. Maɗinki ya tashi daga mai haɗi ya koma mai awo da yanka da kalmasa. Ma'auninsa ma ya canza, daga kamu da taƙi zuwa yadi da inci. Harshe ya riƙe mana shaidar wannan tarihi hawa biyu. Allura da almakashi da aljihu da alharini daga Larabci muka aro su, tun zamanin ayari. Tela da yadi da inci kuwa daga Ingilishi, zamanin kanti.

A kan wannan shimfiɗa keken ɗinki ya sauka. Wani abin sha'awa shi ne, a shekarar da Barth yake lissafin tufafin Kano, wato 1851, a ita ce Isaac Singer ya yi rajistar kekensa a Amurka. Keke yana aiki da zare biyu, na allura daga sama da na ƙasa, suna sarƙewa a tsakiyar tufa. Irin wannan ɗinki miƙaƙƙe ne, mai ƙarfi, ba ya saki, don haka ya dace da doguwar kalmasa a kan yadi mai matsattsiyar saƙa. Bai dace da haɗa sawaye gefe da gefe ba, domin keke yana son ƙyalle ya hau kan ƙyalle kafin ya kama, ga shi kuma yakan tattare tufar hannu mai sakakkiyar saƙa. Ke nan yadi da keke sun taimaki juna, sawu da allura kuma suka ja baya tare. Ba na cikin masu ganin wannan duk hasara ce. Talakan da a dā yake da taguwa ɗaya ya sami damar yin biyu ko uku, matan aure kuma, waɗanda kaɗi ya fara kuɓuce musu, sun sami sana'ar keke a cikin gida, bayan ɗinki a dā aikin maza ne, musamman malamai da almajiransu.

Kowace Tufa da Halinta

Telan yau a Dutse, ko a kasuwar Shuwarin, yana fama da tufafi iri-iri waɗanda akasari daga Kantin Kwari na Kano ake saro su, kuma kowace da irin bakin da take so. Shadda, wadda mafi tsadarta ta kamfanin Getzner ce ta ƙasar Ostiriya, tana da tauri da sheƙi. Tana riƙe lanƙwasa da kyau, har tela kan karya kalmasarta da farce kafin ya ɗinka, amma ba ta yafe kuskure, domin idan aka farke ɗinki, hudar allura ba ta ɓacewa. Atamfa ta fi sauƙin kai. A nan ne ma tsohuwar ɗabi'a ta wanzu ba tare da an lura ba: mace ba ta kalmashe gefen zanenta na tsawo, bakin da aka yanka daga turmi kaɗai ake ɗinkewa, gefen kuwa a bar shi yadda ya zo daga masaƙa, da sunan kamfani a jikinsa, wanda shi kansa wani abin nunawa ne. Leshi yana zuwa da nasa bakin mai ado, gwanin tela shi ne wanda ya tsara yankansa yadda wannan baki zai faɗo a gindin riga da bakin hannu, sannan ya yi masa shafi ta ciki saboda hudojinsa. Karammiski ba ya son dannawar keke, gashinsa kan kwanta, don haka har yanzu hannu ya fi masa. Mafi wuyar sha'ani su ne sirāran yadudduka na roba da ake mayafi da hijabi da su. Suna da santsi, suna zarewa da sauri, kalmasa mai faɗi kuma takan sa su tattare, sai dai siririya ƙwarai.

Don irin waɗannan ne aka kawo keken da teloli ke kira na wibin, mai datse baki yana naɗe shi da zare uku ko huɗu a tafiya ɗaya. Kalmar an aro ta ne daga kalmar Ingilishi mai ma'anar saƙa, kuma sunan ya dace fiye da yadda masu kiransa suka zata, domin abin da keken yake yi shi ne ya ƙirƙira wa yankakkiyar tufa gamammen gefe irin wanda ƙoshiya take bayarwa kyauta. Dajiya ce ta inji. Amma kalmar dajiya ba ta bi aikin ba, ta tsaya a baya.

Abin da Ke Kuɓucewa

Nan ne abin ya shafe mu, mu malaman harshe. Ƙamusun Bargery na 1934 an tattara shi ne daidai lokacin da tufar hannu da yadi suke zaune tare a kasuwa, shi ya sa yake cike da kalmomin saƙa da ɗinki. Mai karatu ya gwada tambayar ajinsa mene ne leɓatu, ko cuna, ko ƙubaka, ya ga hannu nawa za su tashi. Kalmar ɓaraka ta tsira ne saboda 'yan siyasa da 'yan jarida kullum suna ɗinke ta a jam'iyyu, amma da yawa daga masu faɗarta ba su san farkewar haɗin tufa take nufi ba. Kalmar sana'a ba ta rayuwa a ƙamus kaɗai. Idan hannun da ke aikin ya tafi, abin da zai rage ma'ana ce ta layi ɗaya wadda ba za ta koya wa kowa riƙon allura ba.

Akwai kuma hasara ta fuskar tarihi. Sunan Kano ya lulluɓe aikin masaƙa da maɗinkan wannan yanki a rubuce, saboda haka shaidar da ta fi kusa ita ce tufafin kansu, waɗanda ke cikin adakokin gidajen sarauta na Garu da na hakiman masarautar Dutse, ake fito da wasunsu ranar hawan Salla. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, ba ya bukatar tafiya mai nisa kafin ya same su. Abin da zai fara yi idan an miƙo masa tsohuwar riga shi ne ya juya gindinta. Ya ƙirga ƙwarya, ya auna faɗin kowace. Ya duba haɗin, ko gefe da gefe ne ko ƙyalle ya hau ƙyalle. Ya dubi takun allura: na hannu ba ya zama daidai wa daida, kuma kaɗan yake fitowa ta waje, na keke kuwa layi ne guda a fuska biyu. Sannan ya taɓa shafin, ya gane alharini ne, ko saƙar gida, ko alawayyon kanti. Rigar saƙi da aka haɗa da hannu, amma shafinta yadi ne kuma keke ya ɗinka shi, ko dai an yi ta bayan kanti ya iso, ko kuwa gindinta ya taɓa cinyewa wani tela ya sabunta shi, kuma zaren haɗin da na shafin su za su raba gardama.