Manhaja da madatsar ruwa: wa aka tambaya?

1/ Ina karantar kimiyyar kwamfuta, ɗan Wurno ne ni. A aji aka koya mana wani abu da na ga tarihin yankinmu ya riga littafi bayyana shi. Ku biyo ni 🧵

2/ A 1989, Barry Boehm da Rony Ross a Amurka suka fito da "Theory W": manhaja ba ta yi nasara ba sai duk masu ruwa da tsaki sun ci riba. Kafin ka fara rubuta ta, ka san su waye, me kowannensu yake so, sannan a sasanta.

3/ To mu dawo gida. A 1978 aka kammala madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato, kusa da Talata Mafara. Kamfanin Impresit na Italiya ya gina ta. Aikin injiniya kam ya yi kyau. Amma manoman da aka karɓe wa gonaki suna ta kukan diyya.

4/ Suka tare hanyoyin aikin. A Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu.

5/ Akwai kuma waɗanda ba a ma lissafa da su ba: mutanen ƙasan madatsar. Binciken W. M. Adams ya nuna ruwan da ke malale fadama duk shekara ya ragu, noman shinkafa da kamun kifi suka ja baya.

6/ Madatsar Goronyo a kan kogin Rima an gama ta a 1984. Ruwa ɗaya, masu buƙata da yawa: mai albasa da tafarnuwa a Wurno, masunci, makiyayi, da mai buɗe famfo a birnin Sakkwato. Ranar da za a saki ruwa, wani rahama ce, wani asara.

7/ Aikina na ƙarshe manhajar sanar da manoma lokacin sakin ruwa ce. Na tsara ta da rubutaccen saƙo. Na nuna wa kawuna, ya ce: "Ɗana, wa zai karanta mini a gona?" Na koma saƙon murya da Hausa.

8/ Ɗan uwa mai rubuta manhaja, kafin ka buɗe kwamfuta ka je fadama ka zauna. Wanda ba ka tambaya ba, shi zai biya kuɗin kuskurenka.