Rajista Daban, Karatu Daban

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, wato UPE. An yi tanadin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai ga kusan miliyan 3 sun hallara. Azuzuwa suka yi kaɗan, wasu yaran suka zauna a gindin bishiya, aka horar da malamai cikin gaggawa. Cikin shekara shida yawan 'yan firamare a Najeriya ya ninka.

Da farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, albashin malamai ya riƙa maƙalewa, jihohi da dama suka dawo da kuɗin makaranta, iyaye talakawa suka janye 'ya'yansu.

Duk da haka shirin bai tashi a banza ba. Yaran UPE, da matan da suka shiga azuzuwan Hukumar Ilimin Manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980, cikinsu ne aka samu marubuta da makarantan littattafan soyayya da suka cika kasuwa daga baya.

A 1999 aka sake ɗaura ɗamara da shirin UBE, amma har yau sunayen da ke cikin rajista muka fi ƙirgawa. Rajista kuwa ba ta nuna ko ɗan aji huɗu zai iya karanta wa mahaifiyarsa takardar asibiti. Wannan ne ƙidayar da 'ya'yanmu ke bin mu bashi.