Shaƙuwa ce Tushen Juriya: Nazari kan Tsoro a Lokacin Annoba

A farkon shekarar 2020 wani mai bincike mai suna Ahorsu da abokan aikinsa suka fitar da ma'aunin tsoron korona mai tambayoyi bakwai. An fara gwada shi a Iran, daga baya aka fassara shi zuwa harsuna da dama. Binciken da ya biyo baya ya yawaita nuna cewa girman tsoro ba ya bin girman haɗari sau da ƙafa.

Bayanin da aka fi bayarwa shi ne halin mutum: mai saurin damuwa ya fi firgita, mai natsuwar zuciya ya fi daurewa. Haka ne, amma bai wadatar ba, domin yana mai da juriya kamar abin gado. A ganina shaƙuwa ce ke gina ta. Masanin halayyar yara John Bowlby ya yi bayanin cewa yaro idan ya tsorata wurin mai renonsa yake nufa. Mary Ainsworth, wadda ta fara lura da uwaye da jariransu a Yuganda cikin shekarun 1950, ta nuna cewa wanda ya saba a amsa kukansa yakan huce da wuri ya koma wasa. Wannan sabo ba ya barin mutum don ya girma. Wanda ya tashi yana shakkar ko za a tsaya masa, shi labarin mace-mace ya fi kaɗawa. Wanda kuwa ya saba haɗiye damuwa zai ce ba ya jin tsoro, sai a yi hattara da amsarsa a ma'aunin tsoro.

Annoba ta yi ɓarna biyu ke nan. Ta kawo tsoro, sannan dokar kulle ta toshe hanyoyin da aka saba rage shi: dubiya, ta'aziyya, sallar jam'i. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa damuwa da baƙin ciki sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a shekarar farko ta annobar.

Ba kowane tsoro ne cuta ba. Daidai gwargwadonsa shi ya sa mutane wanke hannu da saka takunkumi. Haka nan galibin binciken tambayoyi ne ta intanet a zama ɗaya, ba su isa su tabbatar da wanne ya haifi wanne tsakanin shaƙuwa da juriya ba. Duk da haka hujjar ta isa a ce wa hukumomin lafiya: duk shirin killace jama'a da bai tanadi yadda mara lafiya zai ji muryar danginsa ba, rabin shiri ne.