Yadda Ɗarikar Angilika Ta Dare Gida Biyu

Yau za mu leƙa ɗarikar Angilika, wadda aka ƙiyasta tana da mabiya kimanin miliyan 85 a duniya, mu ga yadda rikici tsakanin masu ra'ayin mazan jiya da masu sassaucin ra'ayi ya raba ta, da kuma dalilin da ya sa sunan Najeriya ke fitowa a kusan kowane babi na labarin.

Da yawa sun ɗauka batun auren jinsi ne ya haifi rigimar. Gaskiya shi ne ya fasa ƙurjin, amma ciwon ya daɗe, tushensa kuma tambaya ɗaya ce: wa ke da ikon fassara Littafi Mai Tsarki, kuma shin fassarar tana iya sauyawa idan zamani ya sauya?

Mu koma baya. A 1853 Ingila ta tura wani bishof mai suna John Colenso zuwa Natal, a Afirka ta Kudu. Yana cikin aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Zulu, sai mataimakinsa, wani Bazule mai suna William Ngidi, ya tambaye shi ko da gaske ya yarda labarin ruwan tsufana ya faru kamar yadda aka rubuta. Tambayar ta tsaya wa Colenso a rai. A 1862 ya fara fitar da littafi yana cewa ba kowane labari na Attaura za a ɗauka a matsayin tarihi ba. Kafin nan ma ya riga ya ce bai kamata a tilasta wa mai mata da yawa ya sake su kafin a yi masa baftisma ba. Bishof na Cape Town ya tsige shi, kotu a Landan ta ce tsigewar ba ta halatta ba. Wannan dambarwa na cikin abin da ya sa aka kira taron bishof-bishof na farko a fadar Lambeth a 1867, taron da ya zama al'ada kusan duk shekara goma. Kun ga ke nan, shi kansa zauren sulhun rigima ce ta haife shi.

Abin lura game da Angilika shi ne ba su da Fafaroma. Babban Bishof na Kantabari uba ne na girmamawa, ba shi da ikon hukunta cocin wata ƙasa. Zumunci ne kawai ya ɗaure su. Wannan tsari ya jure rigimar naɗa mata limamai: cocin Amurka ya amince a 1976, na Ingila ya naɗa na farko a 1994, cocin Najeriya bai bi ba, amma aka ci gaba da zama inuwa ɗaya.

A lokacin kuma wani abu yana faruwa a hankali. Kujerun coci a Turai da Amurka suna ta zama wayam, a Afirka kuwa ana ta cika. Irin da mishan suka shuka, tun daga Samuel Ajayi Crowther da ya zama bishof baƙar fata na farko a 1864 har zuwa mishan ɗin Wusasa a Zariya, ya yi yabanya. Yau cocin Angilika na Najeriya yana cewa mabiyansa sun kai miliyan 18, alhali na Amurka bai kai miliyan 2 ba. Kuɗi da manyan makarantu suna can, jama'a suna nan.

A taron Lambeth na 1998 wannan rinjaye ya fito fili. Aka kaɗa ƙuri'a kan ƙudurin da ya ce aure tsakanin namiji da mace ne, kuma tarayyar jinsi ɗaya ta saɓa wa Nassi. Bishof 526 suka amince, 70 suka ƙi. Ƙudurin ya kuma ce a saurari masu wannan hali, kada a tsangwame su. To amma ƙudurin Lambeth shawara ce, ba doka ba. A Nuwamba 2003 cocin Amurka ya naɗa Gene Robinson, wanda ke zaune da abokin zamansa namiji a fili, bishof na New Hampshire. Saboda barazanar kisa, da rigar sulke a ƙarƙashin kayansa aka naɗa shi.

Kowane ɓangare fa yana da hujjarsa. Masu sassauci suka ce an taɓa kafa hujja da ayoyi don kare cinikin bayi, daga baya coci ya gane kuskure, don haka fahimta tana girma, kuma jigon bishara ƙauna ce da adalci. Masu riƙo da gargajiya suka ce umarni bayyananne ba ya tsufa, kuma idan al'adar zamani ce za ta riƙa gyara Nassi, to me ya rage? Bishof-bishof na Afirka suka ƙara da cewa: ku kuka kawo mana littafin nan, kuka hana kakanninmu baftisma saboda mata da yawa, yau kuma da kwaɗon ya zo kan al'adarku sai ku ce a sassauta?

Babban Bishof Peter Akinola na Najeriya ne ya ja ragamar masu adawa. A 2005 cocin Najeriya ya cire ambaton Kantabari daga kundin tsarinsa. A 2006 aka naɗa Martyn Minns bishof a Abuja don ya kula da majami'un Amurka da suka ɓalle. Ku duba yadda reshe ya juye da mujiya: Turawan jihar Virginia suna neman mafaka ƙarƙashin Najeriya. Shari'ar mallakar gine-gine ta biyo baya, kuma da yawa daga waɗanda suka ɓalle sun rasa majami'un da suka tashi a ciki. A 2008 aka kafa ƙungiyar GAFCON a birnin Ƙudus, bishof-bishof na Najeriya da Yuganda da Ruwanda suka ƙaurace wa Lambeth. Haka suka sake yi a 2022.

Kada a ce faɗan Afirka da Turawa ne zalla. Desmond Tutu na Afirka ta Kudu yana tare da masu sassauci. A nan Arewa ma an ga bambancin hanya: Josiah Idowu-Fearon, bishof na Kaduna, ya riƙe babban sakataren tarayyar Angilika ta duniya daga 2015 zuwa 2022, yana ganin a gyara daga ciki, yayin da Benjamin Kwashi na Jos ya zama babban sakataren GAFCON a 2019. Kaduna da Jos, tafiyar sa'o'i kaɗan, amma kujeru biyu masu kallon juna.

A Fabrairu 2023 cocin Ingila ya amince a riƙa sa wa ma'auratan jinsi ɗaya albarka, duk da bai yarda a ɗaura auren a coci ba. Wata biyu bayan haka GAFCON ta taru a Kigali ta ce ta daina ɗaukar Kantabari a matsayin jagora. Da aka sanar da Sarah Mullally a Oktoba 2025, mace ta farko da za ta hau wannan kujera, sai GAFCON ta ce ita ce sahihiyar tarayyar Angilika, ba ita ta fita ba, waɗancan ne suka bar hanya.

Yanzu gida biyu ne, suna ɗaya, littafi ɗaya, kowa yana cewa shi ne magajin uba. Tambayar da aka taru a kanta a 1867 har yau ba a amsa ba, illa dai masu rinjayen murya a kanta yanzu suna Abuja da Kampala da Kigali.

Mu kwana nan. Sai shiri na gaba, a huta lafiya.