Mudun da Mai Saye Ba Ya Gani

A kasuwar hatsi ta Tsafe mai awo ba ya juya wa mai saye baya. Tiya tana tsakaninsu, a cika ta, a yi mata tozo, a juye cikin buhu, ana ƙirgawa da murya kowa na ji. In mai saye ya lura gindin tiyar ya lotsa ciki, sai ya ce a ɗauko wata. In an gama ya nemi gyara, a watsa masa ɗan abin da ya samu. A kan tauye mudu a can ma, shi ya sa malamai ba su gajiya da jan Suratul Muɗaffifina a kan 'yan kasuwa, amma mudun dai yana fili, ido na ganinsa.

Cinikin waya ba haka ya taso ba. Tun da ya shigo ƙasar Zamfara, kusan duk zamanin da ya wuce sai mudun ya ƙara nisa da idon mai saye, har aka kai yau da ake sayar wa mutum data a ce masa ba ta da mudu ma sam.

Da farko abin a fili yake. Bayan da layin dogo ya ratsa Gusau ya kai Ƙaura Namoda a ƙarshen shekarun 1920, Gusau ta zama matattarar auduga da gyaɗa, kuma ɗan kasuwar da ke son sanin farashi a Zariya ko Kano gidan waya yake zuwa. Tangaraho kalma-kalma ake biyansa. Akawu ya ƙirga a gabanka, in kuɗinka bai kai ba ka soke gaisuwa ka bar gundarin magana. Ga Bahaushe, wanda gaisuwarsa kaɗai ta isa cika takarda, wannan ba ƙaramin horo ba ne, amma ya san abin da ya saya.

Sai wayar girke ta zo, daga baya ta koma hannun NITEL, wadda aka kafa a 1985. Lambar Gusau 063 ce, kuma ko bayan da Janar Sani Abacha ya ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996, ya mai da Gusau babban birni, gidajen da ke da waya ƙirge suke: ofisoshin gwamnati, bankuna, sai wasu alhazai. Duk Najeriya, mai mutum sama da miliyan ɗari, layukan da ke aiki ba su kai rabin miliyan ba. A zamanin Babangida ne aka jingina wa ministan sadarwa David Mark maganar nan cewa waya ba ta talaka ba ce, kuma ko ya faɗa ko bai faɗa ba, haka abin yake a ƙasa. A nan ne mudun ya fara shiga ɗaka. Mita tana can ofishin NITEL, ƙarshen wata a kawo takardar bil, ko ka biya ko a yanke.

A Janairun 2001, zamanin Obasanjo, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ƙarƙashin Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane a kan dala miliyan 285. Econet da MTN suka fara aiki a Agustan shekarar, a Legas da Abuja da wasu manyan birane, kafin turakun sabis su bi hanya su gangaro Gusau. Layi kaɗai ya kan haura naira dubu ashirin. Kira naira hamsin ne a minti, kuma minti ba ya rabuwa: wanda ya yi daƙiƙa 61 ya biya kuɗin minti biyu. Daga nan aka sami wata sana'a da wata ɗabi'a. Sana'ar ita ce ta masu laima, tebur da kujera da waya ɗaya a bakin titi, mai kira yana magana, mai laima ya ƙura wa agogon wayar ido. Ɗabi'ar kuwa ita ce katse magana a daƙiƙa 59, ko ana tsakiyar gaisuwar rasuwa, da kuma filashin, wanda ya zama harshe mai zaman kansa: ɗaya na nufin na iso, biyu na nufin kira ni.

Kamfanonin sun ce lissafin daƙiƙa-daƙiƙa ba zai yiwu ba sai nan da wasu shekaru. Ranar 29 ga Agusta, 2003, Globacom ta Mike Adenuga ta buɗe da shi tun ranar farko. Makonni uku bayan haka, ranar 19 ga Satumba, masu waya a faɗin ƙasa suka kashe wayoyinsu na yini guda don nuna fushi kan tsada da rashin ingancin sabis. Kafin shekarar ta ƙare, abin da aka ce ba zai yiwu ba ya yiwu ga kowa.

Kalmar kyauta ta riga kalmar babu iyaka zuwa. A tsakiyar shekarun 2000 aka shigo da kiran dare, wanda ya fi shahara a tsarin Xtracool na MTN, daga sha biyu da rabi na dare zuwa huɗu da rabi na asuba. Duk wanda ya yi samartaka ko 'yanmatanci a Tudun Wada ko Sabon Gari a lokacin ya san yadda aka sha fama: iyaye na ƙwace waya, malamai na wa'azi a kan makarar sallar asuba, ɗalibai na gyangyaɗi a aji. Ga kamfani kuwa lissafi ne mai sauƙi. Da dare turakun a kunne suke, suna shan gas, babu mai amfani da su, to bayar da abin da ba a saye ba asara ba ce. Kuma kyautar da sharaɗinta: sai kana da aƙalla naira ɗari a layinka, kuma sai mai irin layinka za ka kira. Sharaɗin dai gajere ne, kowa ya haddace shi.

Da intanet ta shigo aljihu, sai mudu ya koma abin da ko sunansa baƙo ne. Minti kowa ya san tsawonsa. Megabayit fa? Matasan da suka fara da 2go da Opera Mini a kan ƙananan Nokia suna lallaɓa mega goma har kwanaki. Sai aka shiga yayin BlackBerry, wajajen 2010 zuwa 2013, lokacin da tambayar lambar fin ta BBM ta zama gaisuwa, kuma a nan ne yawancin mutanen nan suka fara jin kalmar da yau ake furtawa anlimited. A lokacin kalmar ba ta yi wa kamfanoni tsada ba. BlackBerry tana matse bayanai ta na'urorin kamfaninta kafin su iso waya, allonta ƙarami, ba wayar kallon bidiyo ba ce. Tamkar a ce wa jariri ya ci iya cinsa ne a gidan biki.

Sai dai masu gyaran waya sun gano dabara. Suna sauya lambar IMEI ta wayar Android ta koma kamar ta BlackBerry, sai ta hau tsarin mai arha ta yi ta zuƙa. Da ƙarti suka zauna a kan akushin jariri, sai iyaka ta fito: gig biyu, gig uku, a ƙarƙashin tsarin da sunansa ke cewa ba shi da iyaka.

Abin da ya biyo baya shi ne ambaliyar Tecno da Infinix da itel, da fara aikin manyan wayoyin ƙarƙashin teku a Legas, MainOne da Glo-1 a 2010, WACS a 2012, waɗanda suka karya farashin data. Fim ɗin Hausa ya bar faifan CD ya koma hannun masu tura fim, sannan ya koma YouTube, inda shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So ke fitowa mako-mako. Tafsirin azumi ya koma Facebook kai tsaye. A Gusau, cibiyar wannan duka ita ce Bebeji Plaza, inda ake sayar da waya, a gyara ta, a cika ta da finafinai da karatuttuka. Masu turin nan, da masu shagon rajistar JAMB, da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da ke haɗa kuɗi su sayi rauta ɗaya su raba, su ne ainihin masu sayen anlimited, kuma su ne suka fara sanin halinsa.

Halin nasa kuwa shi ne ba a yanke maka, sanyaya ka ake yi. A can ƙasan talla, da ƙananan haruffa na Turanci, akwai abin da ake taƙaitawa FUP, wato ƙa'idar amfani bisa adalci. Ma'anarta, in ka cinye wani adadi a wata, ko a yini a wasu tsare-tsaren, sai a sauke gudun layinka, galibi zuwa kilobit 256 ko 512 a daƙiƙa. A yi lissafi: a kan 256, fim mai nauyin gig ɗaya sai ya kusa awa tara yana sauka. Ko da mutum ya bar rautar a kunne dare da rana har kwana talatin, abin da zai iya ja bai wuce gig tamanin da 'yan kai ba. Saƙon WhatsApp zai shiga, don haka kamfani na iya rantsuwa bai katse kowa ba. Mai tura fim kuwa ya san an rufe masa shago.

A yi wa kamfanonin adalci, iyakar tana da dalili. Turke ɗaya kamar rijiyar unguwa yake, abin da yake iya bayarwa a lokaci guda ƙayyadadde ne, in mutum biyar suka kafa injin ban ruwa a kai, masu guga sun shiga uku. Ga kuɗin gas, ga nisan da wayar ƙasa ke yi daga Legas, ga masu aikin hanya da ke tsinke ta. Babu mai hankalin da zai ce kada a yi rabo. Abin da ba shi da hujja shi ne sunan. Bahaushe ya ce ba a cinikin biri a sama, a nan kuwa an nuna wa mutum reshe ne aka ce birai ba iyaka.

Ba kuma ciwon Najeriya ba ne ita kaɗai. A Amurka, hukumar kare masu saye ta FTC ta kai AT&T kotu a 2014 bisa rage wa masu anlimited gudu, wasu tun daga gig biyu, kuma a 2019 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 60. TracFone ta biya miliyan 40 a 2015 a kan irin wannan. Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne na 2018, lokacin da Verizon ta sanyaya layin 'yan kwana-kwana na gundumar Santa Clara suna tsakiyar kashe babbar gobarar daji a Kalifoniya, don sun haura gig 25. Daga baya kamfanin ya ce kuskure ne.

Zamfara kuwa ta ga wata iyaka da ba ta cikin ƙananan haruffan kowa. Ranar 1 ga Satumba, 2021, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai 73 daga makarantar sakandare ta Kaya a Maradun. Ranar 3 ga wata, bisa buƙatar Gwamna Bello Matawalle, NCC ƙarƙashin Farfesa Umar Ɗanbatta ta umarci kamfanoni su kashe dukkan turakun jihar, sama da 240. Mako biyu aka ce da farko. Mutane suka riƙa hawa mota su wuce Kwatarkwashi da Tsafe su tsallaka Funtuwa don kawai su yi kira ko su tura kuɗi, har aka kashe na Funtuwa da wasu ƙananan hukumomin Katsina, tafiyar ta ƙara tsawo. Wasiƙar hannu ta dawo, ana ba direbobin tasha kamar zamanin da. Masu POS da 'yan Bebeji suka zauna zugum. Sai ranar 1 ga Oktoba aka maido wa Gusau sabis, sauran jihar, har da Bunguɗu da ke nan kusa a hanyar Sakkwato, ta jira zuwa ƙarshen Nuwamba. Tsarin data na wata kwana talatin ne. Gusau ta yi mako huɗu a rufe.

Tun daga nan hukuma ta ɗan matsa wajen fito da mudun fili. A 2023 aka haɗe lambobin kamfanoni duka, *312# don sayen data, *323# don duba saura. A 2024 NCC, ƙarƙashin Aminu Maida, ta fitar da ƙa'idar da ta taƙaita wa kowane kamfani tsarin farashi bakwai da ƙunshi ɗari, tare da wajabta bayyana sharuɗɗa da harshen da mai saye zai gane. Akwai kuma layin ƙorafi na 622. Sannan ranar 20 ga Janairu, 2025, hukumar ta amince da ƙarin farashi har kashi hamsin cikin ɗari, na farko irinsa tun 2013. Cikin makonni kaɗan MTN ta ɗaga wani tsarin gig 15 na mako daga naira dubu biyu zuwa dubu shida, jama'a suka yi ca, kamfanin ya fito ya ba da haƙuri.

Tallar dai har yanzu da Hausa ake yin ta a rediyo, sharuɗɗan kuwa da Turanci suke a shafin intanet, wanda sai da data ake buɗe shi. Abin da ya sauya shi ne mai saye. A Bebeji yanzu in wani ya zo sayen rauta, yaron shago ya ce masa, "Alhaji, wannan anlimited ce," ba ya rufe baki sai an tambaye shi gig nawa take ci kafin ta yi sanyi, kuma a wata ake ƙirgawa ko a yini. Yaron ya kan san amsar, domin da irinta yake sauke finafinan da yake turawa.