Ƙofar baya

ƙofar baya sn., mc. (jam. ƙofofin baya) 1. Ƙaramar ƙofar da ake fita gida ba sai an bi ta zaure ba. 2. A harkar kwamfuta: ɓoyayyar hanya da ake dasawa cikin manhaja domin wani ya shiga na'ura babu kalmar sirri, mai ita bai sani ba. Misali: An gano ƙofar baya a manhajar nan. Mafi munin irinta ita ce wadda na gida ya dasa. A watan Maris 2024, injiniya Andres Freund ya bankaɗo ɗaya a XZ Utils, manhajar matse fayil ta Linux, bayan ya lura da jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Wanda ya dasa ta ya shafe kimanin shekara biyu yana taya aikin har aka amince masa.