Kofin da Ya Tashi a Hannun Ma'aikata

Matasan da ke cika gidajen kallon ƙwallo a Yelwan Yawuri sun haddace tarihin kofunan Ingila kamar karatun allo, amma ka tambaye su asalin Kofin Ƙalubale na gida, sai ka ji shiru. Alhali shi ne kakan gasannin ƙwallon Najeriya.

A 1945 aka fara shi a Legas da sunan Kofin Gwamna, zamanin Gwamna Arthur Richards. Yawancin masu fafatawa ma'aikata ne: na jirgin ƙasa, na jirgin ruwa, na kamfanin UAC, na ma'aikatar ayyuka. Mutum ya wuni a bakin aiki, da yamma ya tuɓe kayan aiki ya faɗa fili. Marine, ƙungiyar ma'aikatan ruwa, ita ta fara ɗauka, ta doke Corinthians da ci ɗaya mai ban haushi. Sai 'yan Reluwe suka karɓe ragama, da shahararren ɗan wasansu Teslim Balogun, wanda ake wa laƙabi da Tsawa saboda ƙarfin bugunsa. Yana cikin tawagar da ta je Ingila a 1949, inda 'yan wasanmu suka riƙa taka leda ba takalmi.

A 1953 kofin ya fara barin Legas. Kano ce ta kwaso shi, ta ci Dynamos 2 da 1.

Arewa ma ta bi wannan turba ta ƙungiyoyin ma'aikata. Kaduna na da DIC Bees ta masana'antar makamai da UNTL ta masaƙa, Gboko na da BCC Lions ta kamfanin siminti, wadda ta ci kofin har sau huɗu. Ita kanta Kano Pillars, a 1990 aka ƙera ta daga ƙungiyoyi uku, biyu na ma'aikata ne: WRECA ta hukumar ruwa da ta Bankin Arewa, sai Golden Stars.

Da masana'antu suka durƙushe, ƙwallo ta koma hannun gwamnatocin jihohi, kuma a ganina ba ta ci riba ba: ɗan wasan da yake da aikin da zai koma in ƙafa ta gaji, yanzu ya zama mai bin bashin albashi.

Kano kuwa sai da ta jira shekara 66. A 2019, a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, Pillars ta doke Niger Tornadoes a bugun daga kai sai mai tsaron gida, kofin ya dawo birnin Dabo.